Mama, Ki Daure Ki Mutu Zuwa Asabar

Ranar Litinin ta makon jiya aka yi mini ta'aziyyar kakata. An yi ta da kyau, ba zan ci haƙƙin kowa ba: an sunkuyar da kai, an yi ajiyar zuciya, har ruwan sanyi aka miƙo mini a kofin roba. Abu ɗaya ne kawai ya ɗan rage wa ta'aziyyar armashi. Marigayiyar tana zaune a kujerar da ke kusa da tawa, ta ɗora jakarta a cinya, tana ɓantarar goro.

Ku yi haƙuri da ni, masu karatu, ban saba magana a gaban jama'a ba, ko da a takarda ne. In kun ga ina zagaye, ku biyo ni a hankali. Kuma tun yanzu ina roƙon arziki: duk babban mutumin da ya ga kamar da shi nake, wallahi ba da shi nake ba, da wanda ke zaune kusa da shi nake.

Bari in fara daga katanga, tunda daga nan komai ya taso. Gidanmu a nan Garwa yana manne da bayan tsohuwar makarantar kwana ta gwamnati, wadda mu a unguwa muke ce wa Lisen Maza. Tun zamanin Faransawa take. Mace ba ta shiga sai in malama ce, ko uwar da aka kira don ɗanta ya yi laifi, saboda haka duk abin da na sani game da ita daga bayan katanga na san shi. Na san ƙararrawarta, wani guntun ƙarfen dogo da aka ɗauko daga Ngawundere aka rataye a bishiyar maina. Da ita matan unguwarmu ke sanin lokacin ɗora tukunya. Na san sabon ɗalibi sunansa bule, kuma shekararsa ta farko ta ɗaukar bokitin manya ce. Na san taken makarantar, don kowace safiya sai ya tsallako katanga ya same mu a tsakar gida, da muryoyi masu yawa waɗanda ban taɓa jin guda biyu sun tashi tare ba. Sauran kuma a takardun ƙunshe ƙosai na karanta. Duk ƙarshen shekara ana jefo mana tsofaffin littattafan rubutu ta saman katanga, ni kuwa kafin mai ya taɓa kowane shafi sai na bi shi da ido. Da haka na koyi kogunan duniya da rabin tarihin Turai. Sauran rabin ya tafi da ƙosai kafin in kai gare shi.

Amma babbar al'adar Lisen Maza ba ta cikin take, ba ta cikin littafi. Rami ne a jikin katanga.

Daidai inda kakata Iya Dela take suya, akwai gurbin tubali ɗaya da babu tubalin. Yara suna kiran wurin Gishe, wato irin 'yar tagar nan ta tashar mota da ake miƙa kuɗi a karɓi tikiti. Katangar mai kauri ce, ramin yana ƙasa-ƙasa, sannan Iya ta rataya guntun buhu a bakinsa tun tana amarya, don ba ta yarda ƙattin mutane su riƙa leƙen matar aure ba. Hannu kaɗai ke wucewa. Yaro zai ƙwanƙwasa da dutse ya ce, "Dada, hannu!" Ita kuma ta ce, "Wankakke?" Ya ce, "Wankakke!" Sai ya ajiye abin da ya kawo, ya janye ƙunshinsa mai zafi da yaji. Wanda ya zura hannu da nisa yana laluben ƙari a cikin tire kuwa, matsamin ƙarfen da take tsamo ƙosai da shi ne zai sauka a bayan yatsunsa, ƙwas. Iya ba ta taɓa yin kuskure ba.

Akwai likitoci a Yawunde da injiniyoyi a Duwala, Fulani da Tupuri da 'yan kudu, waɗanda duk Hausar da suka iya a duniya ita ce "hannu" da "wankakke". Dada Gishe suke kiranta, dada kuwa uwa ce da Fulatanci. Ba su san sunanta Dela ba. Ba su taɓa ganin fuskarta ba, ita ma ba ta taɓa ganin tasu ba.

Yadda ramin ya samu, ana gardama. Iya ta ce kakana, wanda mahauci ne, wani bijimi ya ƙwace masa a hanyar mayanka, ya bi ta lungunmu ya kai wa katangar ƙaho, tubali ɗaya ya faɗa ciki. Kakana ya yi alkawarin gyarawa, bai kai ga gyarawar ba sai ga hannu ya leƙo yana bin ƙamshi. Maƙwabcinmu Yaya Abdulbaƙi, ɗan moto, wato mai haya da babur, wanda ya yi aji uku a makarantar kafin a ce ya je ya huta, ya ce ƙarya ake yi wa bijimi.

"Ɗalibai ne suka haƙa da cokali," in ji shi. "Ke ba ki taɓa cin waken ɗakin cin abincin nan ba, Malama Nazira. Wanda ya ci shi mako ɗaya, da farce ma zai huda katanga."

Ko ma wane ne ya huda, al'ada ta zauna. Ranar da bule ya shigo, manya sukan raka shi Gishe ya zura hannu ya gaida Dada, ita kuma ta ba shi ƙosan farko kyauta. Daga ranar ya zama ɗan makaranta, ko me takardarsa ta ce. In jarrabawar bak ta kammala sakandare ta matso, 'yan ajin ƙarshe sukan zo su zura biron da za su yi rubutu da shi, Iya ta taɓa shi da yatsa ta ce Allah ya ba da sa'a. Sun yi imani in ɗigon mai ya fito a takardar amsa, an ci. Masu gyaran jarrabawa ban san me suka yi imani da shi ba.

Kowane sabon shugaban makaranta kuma yana da tasa al'adar: makon farko sai ya sa a toshe Gishe, don a san ya iso. A toshe da yamma, gari ya waye a buɗe. Akwai wanda ya sa ƙarfe ya yi walda. Shekarar ba ta ƙare ba aka yi masa canji zuwa can garin Poli, kuma har gobe yara sun ce Gishe ce ta kama shi.

To, bana sai aka ce za a yi bikin cikar makarantar shekaru. Shekara nawa? Wannan ma an kafa masa ƙaramin kwamiti. Wasu suka ce daga ranar da aka aza tubali za a ƙirga, wasu suka ce daga ranar da ɗalibi ya fara zama, aka yi zama aka sha lemo aka tashi. Daga ƙarshe aka rubuta "Babban Jubile" a kyalle, kowa ya sa adadin da ya yi masa daɗi a zuciyarsa. Ni wannan ya burge ni. Ba kowace ƙasa ce ke da manyan da za su iya bikin abin da ba su san yawansa ba.

An yi alkawura, Allah ya saka da alheri. An ce za a gina ɗakin karatu. An ce za a gyara rufin ɗakin kwanan da yara ke kwana da laima a cikinsa in damina ta yi. An ce banɗaki zai samu ƙofa. Abin da idona ya gani daga kan turmin da nake takawa in leƙa shi ne an shafa wa bishiyoyin maina farar ƙasa har zuwa ƙugu, sun tsaya a jere kamar an sa musu wando. Kada a ce na ce an ci wani abu. Ban ce ba. Wataƙila ɗakin karatun yana bayan wata bishiya.

Sai wata safiya ga Maxime magini da baro da cebur a cikin makaranta, daidai Gishe. Iya ta ji motsi ta ce, "Wankakke?" Sai ta ji an amsa mata da siminti.

Da farko ba mu damu ba, mun saba. Amma da yamma Maxime ya zagayo ta lungunmu sayen ƙosai, ya gaya mana wannan toshewar ba irin ta da ba ce. Za a manna allon marmara a kan wurin, a kewaye shi da ƙarfe, a sa mai gadi. Wurin ya zama kayan tarihi, duk yaron da ya taɓa shi kora ce, wataƙila har da ɗauri.

"Tarihin me?" in ji Iya.

"Na wata tsohuwa da ta rasu, mai sayar da ƙosai. An ce mutuniyar kirki ce." Ya kai loma, ya tauna, ya dube ta, ya dubi kaskon, ya daina taunawa. "Kai, Mama!"

"Ci abinka, ɗana. Na mamaciya ya fi daɗi."

Kafin ya tafi ya rage murya ya ce kada kowa ya jingina da wurin, don simintin da aka ba shi yawancinsa ya hau wata mota ya nufi Ngong, inda wani bawan Allah ke ginin gida. Shi dai ya cika da yashi ya yi addu'a.

Yadda Iya ta mutu ba mu sani ba, Yaya Abdulbaƙi ne ya binciko mana. Bara da damina ta je Ngawundere aka cire mata yanar ido, ta yi 'yan watanni a can. Gwaggo Hindu ce ta riƙe kasko. Wani yaro ya ga baƙon hannu ya tambaya, "Ina Dada?" Gwaggo ta ce, "Ta tafi Ngawundere." Daidai nan aka buga ƙarfen dogo, ƙarar ta haɗiye Ngawundere, yaro ya ji "ta tafi". Ya gaya wa babansa, tsohon ɗalibi. Baban ya rubuta da Faransanci a zauren wayar tsofaffin ɗalibai. Kafin la'asar an yi kuka a Yawunde, an yi a Faransa, an yi a Kanada. Iya ta dawo da idonta garau, ta ci gaba da suya, duk ɗaliban yanzu suna cin ƙosanta kullum. Amma ɗalibai ba sa cikin kwamiti.

"Kai ba ka cikin zauren ne, Yaya? Ka gaya musu mana."

"Zauren na masu mota mai ƙafa huɗu ne, Malama, mai ƙafa biyu ba ya shiga. Na kira wani da muka yi aji ɗaya na ce Dada tana nan. Ya ce mini ba a wasa da mutuwa, ya kashe waya."

Ku da ba ku san lungunmu ba za ku ce to ta koma bakin titi mana. Lungunmu ba ya zuwa ko'ina, akuya ma in ta shigo juyawa take. Ramin nan shi ke ciyar da Iya da Gwaggo da ni. Amma ba wannan ne ya fi ba ni tsoro ba. Matar da tun kafin a haifi babana ba ta taɓa barin rana ta riga ta hura wuta ba, sai ga ta zaune gaban murhu mai sanyi, matsami a cinya, tana kallon katanga.

"Yaran ajin ƙarshe," ta ce, ba tare da ta dube ni ba. "Bak ta matso. Wa zai taɓa musu biro?"

Shi ya sa ranar Litinin muka hau bayan moton Yaya Abdulbaƙi mu biyu, muka nufi ofishin kwamiti. Ba a makarantar yake ba, a cikin gari aka kama shi, mai na'urar sanyi, don a makarantar zafi ya yi yawa kuma wuta ba ta zama. A hanya mai ya ƙare. Layin gidan mai ya miƙe har ya sha kwana, mai zuba man kuma yana zaune a kan kujera yana yankan farce, alamar labari ya ƙare. Muka tura moto zuwa wurin masu zuwa-zuwa, wato man fetur na kwalba, a gefen titi, Iya tana biye da mu tana cewa ita dai ba ta taɓa jin gawar da ta tura moto ba.

A ofis muka tarar da sakatariya, Madam Béatrice, mace mai fara'a. Na tattara duk Faransancin takardun ƙosai na ce mun zo ne kan maganar Dada Gishe, ni jikarta ce. Nan ne aka miƙo ruwan sanyi.

"Wayyo, sannu, 'yata. Mes condoléances, ina miki ta'aziyya. Ta yi jinya ne?"

"Madam," na ce, "ga ta nan."

"Wa?"

"Marigayiyar."

"Jam na, 'yata?" in ji Iya, ta miƙa mata ɓarin goro. Daga nan da Fulatanci aka ci gaba, kamar yadda kowace magana mai muhimmanci ke ƙarewa a garin nan.

Madam ta dubi takarda, ta dubi Iya, ta sake duban takarda. "Amma a nan an rubuta kin rasu bara da damina."

"Bara da damina ina hannun likita a Ngawundere. Da na mutu ai da ya gaya mini."

Ana cikin haka ƙofar ciki ta buɗe, sai ga Mai Girma Shugaban Tsofaffin Ɗalibai na Gida da na Waje, Allah ya ƙara masa girma in akwai sauran wuri. Waya a hannun dama, waya a hannun hagu. Da ya ji an ce iyalan Dada Gishe ne, sai idonsa ya cika da ƙwalla, kuma na rantse ƙwallar gaske ce.

"Dada! Uwa ce gare ni. Ina ganinta a idona yanzu haka: doguwa, fara sol, Bafulatana mai dogon wuya."

Iya Bahaushiya ce, kakanninta fatake ne daga Katsina, baƙa ce wuluk, kuma in ta tsaya kusa da turmi da kaɗan ta fi shi.

Ta tashi ta miƙa masa hannunta na dama, mai lalle, mai zoben azurfa, mai tabon mai na shekara da shekaru. Ta ce, "Ɗana, dubi hannun nan."

Sai wayar hagu ta yi ƙara. Mai Girma ya sa ta a kunne, ya laluba aljihu, ya ajiye wa Iya ƙwandala a tafin hannu ba tare da ya kalla ba, ya ce, "Allah ya ba mu haƙuri, Mama," ya fice. Na ga hannunta na hagu ya tafi gefe da kansa, inda tire ya saba zama, zai ɗauko ƙosan ƙwandalar, bai samu komai ba, ya dawo.

Madam Béatrice ta ga wannan. Ta jawo kujera kusa ta ce, "Mama, ni na yarda kina da rai, tunda ga ki kina cin goro. Amma marmara ta riga ta iso daga Duwala, an sassaƙa. Jawabi an rubuta. Babban baƙo ya riga ya sa a guga masa riga. Sai dai ki kawo takardar shaidar rai mu sa a dosiye, cikin takardunki."

"A ina ake samunta?"

"Mai sa hannun yana cikin kwamitin kujeru, ba zai koma ofis ba sai an gama biki." Ta riƙe hannun Iya cikin tausayi. "Mama, ki daure ki mutu zuwa Asabar. Bayan nan sai mu ga yadda za a yi."

Sannan ta ba ni katin gayyata: iyalan marigayiya, layin gaba.

Haka na shiga Lisen Maza karo na farko a rayuwata, da baƙin ƙyalle manne a mayafina. Iya ce ta ce in je. "Je ki ji abin da za su faɗa a kaina. Ba kowa ke samun wannan ba." Ita kuwa da asuba na ji tana markaɗen wake. Na ce, "Iya, wa za ki sayar wa?" Ta ce, "Su suka ce na mutu. Wake bai ce ba."

An jera ɗalibai a rana tun safe, babu karin kumallo, don masu dafa abinci suna can suna yi wa baƙi hidima. Manya suna ƙarƙashin rumfa suna fifita da takardar tsarin biki. Duk wanda ya wuce ta gabana sai ya tsaya ya ce, "Ashe haka Allah ya yi." Ni kuma in ce "Amin," don ban san amsar da ake ba mai ta'aziyyar mai rai ba. Wani ɗalibi a layin baya ya ɗaga murya ya ce ai Dada tana nan, makon jiya ma ta buge shi. Malaminsu ya ce ya rufe baki, manya sun fi shi sani.

Babban baƙo, wanda zan kira Mai Almakashi tunda duk inda ya je wani abu yake yankawa, bai iso ba sai bayan azahar. Aka yi take. Aka yi jawabai, waɗanda a cikinsu aka sake gina ɗakin karatu, wannan karon mai hawa biyu. Sannan aka ɗunguma zuwa katangar baya, inda aka rufe marmara da farin ƙyalle, aka ce a yi shiru na minti ɗaya don tunawa da Dada Gishe.

Aka yi tsit. Sai daga bayan katanga: caaaa.

Wanda duk ya taɓa tsayawa kusa da kasko ya san wannan ƙarar. Bayanta kuma ƙamshin albasa da man gyaɗa ya tsallako, ya bi layin manya ya wuce zuwa layin yara masu yunwa. Na ga kafaɗun ɗalibai sun fara girgiza. Na ga hancin Mai Almakashi yana motsi shi kaɗai. Mai Girma ya share ido da gefen babbar riga ya ce wa na kusa da shi, a muryar da makirfo ya ɗauka, "Zuciya abin mamaki ce. Wallahi har ƙamshin nake ji."

Aka yaye ƙyalle. An rubuta da ruwan zinariya: "À notre regrettée Dada Guichet," wato ga marigayiyarmu da muke kewa. Aka tafa. Masu ɗaukar hoto suka roƙi Mai Girma ya nuna wa 'yan baya yadda ake yi a zamaninsu. Ya sunkuya da ƙyar, ya ɗauki dutse, ya ƙwanƙwasa gefen marmarar, ya juyo wa kyamara fuskar baƙin ciki, ya ce:

"Dada, hannu!"

Daga cikin katanga, can ƙasa-ƙasa, murya ta ce, "Wankakke?"

Kafin wani babba ya rufe bakinsa, makarantar gaba ɗaya, daga bule har 'yan ajin ƙarshe, ta amsa da murya ɗaya, karo na farko a tarihinta: "WANKAKKE!"

Sai muka ji dum. Dum. Na gane sautin, taɓaryar Gwaggo Hindu ce. Simintin Maxime ya fara zubowa kamar garin rogo. Marmara ta yi gaba, ta yi baya, ta yanke shawara, ta kife a ƙasa daidai inda takalmin Mai Almakashi yake kafin ya yi tsallen da ban zaci yana da shi ba. Guntun buhu ya motsa. Hannu ya fito, mai lalle, mai zoben azurfa, riƙe da ƙunshi yana tururi.

Jama'a, na ga manyan riguna suna gudu. Wani yana salati, wani yana alamar gicciye, wani ya haɗa duka biyun don kada a samu matsala. Mai Girma kaɗai bai motsa ba. Kansa yana cewa fatalwa ce, amma hannunsa ya riga ya karɓi ƙunshin, don hannun ya girmi muƙamin. Daga nan kuma, ban san ko ya san yana yi ba, sai ya durƙusa da shaddarsa a cikin yashi, ya zura hannun har gwiwa, yana lalube.

Ƙwas!

Ya janye da sauri yana yarfawa. Ya dubi bayan yatsunsa. Sai ya zauna daɓas a ƙasa, yana dariya hawaye na zuba, ya ce, "Wallahi ita ce. Ita ce!"

Muryar Iya ta fito ta ramin, kuma makirfo yana nan kusa, Allah ya yi masa albarka: "Wane mai dogon hannu ne wannan? Hannu ya yi ƙiba, ya yi taushi, amma halin yana nan."

Ban ce da kowa take ba. Ita ma ba ta san da wa take ba. Na dai ga mutane da yawa a layin gaba sun sa hannuwansu a aljihu.

A nan ne na ƙara girmama manyanmu, don ba su da saurin jin kunya, kuma wannan baiwa ce. Mai gabatarwa ya karɓi makirfo ya ce, "Kamar yadda aka tsara a cikin shirin biki, yanzu za a buɗe Gishe mai tarihi a hukumance." Aka rasa zaren da za a yanka, sai Madam Béatrice ta cire baƙin ƙyallen da ke mayafina, mutum biyu suka riƙe shi a bakin ramin, Mai Almakashi ya yanka. Aka tafa. Manya suka yi layi da manyan rigunansu, kowa yana "Dada, hannu," har wani farfesa ya sha matsami ya koma yana nuna wa abokansa wurin kamar lambar yabo. Da suka gama, 'yan ajin ƙarshe suka matso da birorinsu, ɗaya bayan ɗaya. Daga inda nake tsaye yatsan Iya kawai nake gani yana fitowa yana taɓawa, kuma ban taɓa ganin yatsa mai farin ciki irin wannan ba.

Ɗakin karatu dai har yanzu ban hango shi daga kan turmi ba. An kafa kwamitin binciken siminti, kuma an ce zai yi zamansa na farko a Ngong, a wani sabon gida mai sanyi. Marmarar an ba iyalan marigayiya, wato mu. Iya ta ɗora ta a kan duwatsu tana ajiye tire a kai, ta ce ba ta taɓa samun tebur mai sauƙin gogewa irinsa ba.

A takarda kuwa har yanzu ba ta farfaɗo ba. Na koma wurin Madam Béatrice, ta ce sai takardar shaidar rai, mai sa hannun kuma yana hutun gajiyar biki.

Ofishi ɗaya ne bai nemi wannan takarda ba. Jiya da safe mai karɓar harajin masu sana'a, wanda bai taɓa sanin hanyar lungunmu ba sai da ya gan mu a hoto, ya yi sallama da 'yar jakarsa. Iya ta ɗaga tire ta nuna masa marmara ta ce, "Ɗana, kai ka yi boko, karanta." Ya karanta a hankali har ƙarshe, ya cire hula, ya ce Allah ya jiƙanta ya sa ta huta. Sannan ya mayar da hularsa, ya yaga mata tikitin haraji.